Tashen Balaga da Farkon Shan Giya: Bayani ga Iyaye da Shugabannin Al'umma

Gabatarwa

Idan aka ambaci mashayi, abin da yakan zo mana a zuci shi ne magidanci ko saurayin da ya riga ya tasa. Ba kasafai mukan tuna da cewa da yawa daga cikin waɗanda giya ta zame wa jaraba sun fara kurɓar ta tun suna yara ba, a shekarun da iyayensu ke ganin ba su isa sanin irin wannan abu ba. A wannan shafi za mu yi bayani a kan alaƙar da ke tsakanin sauye-sauyen da yaro ke shiga a farkon balaga da kuma fara shan giya. Mun tsara bayanin domin amfanin iyaye, malaman makaranta, limamai da sauran shugabannin addini, masu unguwanni, dagatai, hakimai, kansiloli da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: tsakanin shekara 10 zuwa 14 jikin yaro da sha'awarsa sukan riga hankalinsa girma, kuma duk shekarar da aka samu ya tsallake ba tare da ya ɗanɗana giya ba, haɗarin kamuwarsa da jarabar shaye-shaye yana raguwa.

Mene ne farkon balaga?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shekara 10 zuwa 19 a matsayin lokacin tasowa daga yarinta zuwa girma. Kashin farko na wannan lokaci, wato shekara 10 zuwa 14, shi ne muke kira farkon balaga ko tashen balaga. Alamomin balaga sukan fara bayyana ga 'ya'ya mata tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga 'ya'ya maza kuwa tsakanin shekara 9 zuwa 14. Umarnin farawa yana fitowa ne daga ƙwaƙwalwa, wadda ke sa jiki ya soma fitar da wasu sinadarai da ake kira homon. Su ne ke kawo saurin tsawo, buɗewar murya, fitowar gashi, ƙirgar dangi da jinin al'ada ga mace, da kuma mafarki ga namiji.

A al'adarmu da addininmu, bayyanar waɗannan alamomi na nufin yaro ya fara ɗaukar nauyin ibada, kamar salla da azumi. A gona ma akan ƙara masa kunya, a kasuwa a bar masa tsaron rumfa. Wannan tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ya kamata mu sani cewa balagar jiki da cikar hankali ba rana ɗaya suke zuwa ba.

Yadda ƙwaƙwalwa ke girma

Binciken da aka yi da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa ba tare suke nuna ba. Sashen da ke can ciki, mai kula da jin daɗi, fushi, tsoro da kwaɗayin sabon abu, yakan yi ƙarfi sosai da zarar balaga ta fara. A nan ne wani sinadari mai suna dofamin ke aiki, shi ne ke sa mutum ya ji daɗin abu har ya so maimaita shi. Shi kuwa sashen da ke bayan goshi, mai kula da auna abin da zai biyo baya, danne zuciya da tsara gobe, ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25.

Ana iya kwatanta yaro a wannan lokaci da doki mai ƙarfi wanda linzaminsa bai gama ɗauruwa ba. Ya san cewa abu kaza ba shi da kyau, idan ka tambaye shi zai faɗa maka daidai. Matsalar takan zo a lokacin da zuciya ta ɗauka, musamman idan abokai na kallo.

An gwada wannan a Amurka. A shekarar 2005 masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg na Jami'ar Temple, tare da Margo Gardner, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da wasan tuƙin mota a kwamfuta. Yara masu shekara 13 zuwa 16 sun yi tuƙi cikin natsuwa lokacin da suke su kaɗai, amma da aka zaunar da abokansu kusa da su, kasadar da suka yi ta ninka kusan sau biyu. Manya kuwa halinsu bai sauya sosai ba, ko da abokai ko babu. Wannan ya yi daidai da abin da aka saba gani: da wuya yaro ya fara shan giya shi kaɗai a ɗaki. Kurɓar farko kusan kullum a cikin taro ake yin ta, daga hannun aboki ko wani yaya.

Yaron da ya riga tsaransa balaga

Cikin aji ɗaya na 'yan shekara 12 za a ga wani har yanzu ɗan ƙarami ne, wani kuwa ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe. Masana sun daɗe da lura cewa waɗanda suka riga tsaransu balaga sun fi saurin fara shan giya da taba. Wani dogon bincike da David Magnusson da Hakan Stattin suka gudanar a garin Orebro na ƙasar Suwidin ya bi rayuwar ɗaruruwan 'yan mata tun suna makarantar firamare. An gano cewa waɗanda suka fara al'ada da wuri sun fi sauran yin maye a tsakiyar shekarun tasowarsu. Da aka duba dalili, sai aka ga bambancin ya fi fitowa ga waɗanda suka koma ƙawance da waɗanda suka girme su. Wadda ta balaga da wuri amma ta ci gaba da zama cikin tsaranta, halinta bai yi nisa da na sauran ba.

Darasin da ke nan a fili yake. Girman jiki shi ke buɗe wa yaro ƙofar majalisar manya, alhali hankalinsa na ɗan shekara 12 ne. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A karkararmu, yaro mai girman jiki shi ne ake fara turawa yaron mota, ko ɗan dako a kasuwar mako, ko a ba shi babur ya yi acaɓa, ko ya bi yayyensa ci-rani zuwa birni da rani. A duk waɗannan wurare yakan sami kuɗi a hannu, ya yi nisa da idon iyaye, ya kuma zauna da waɗanda suka ba shi shekara biyar ko goma. Haka nan yarinya mai talla da ta yi saurin girma takan fara jan hankalin manyan samari tun kafin ta iya kare kanta daga yaudararsu.

Masaniya Terrie Moffitt ta yi bayani a shekarar 1993 a kan wani gibi da ke tsakanin balagar jiki da samun matsayin babba a cikin al'umma. Yaro yana jin kansa babba, amma ba a ba shi girman manya ba, sai ya nemi wata hanya ta nuna ya isa. Sigari, giya da ƙwaya suna daga cikin alamomin da yara ke ɗauka a matsayin shaidar girma.

Yadda giya ke aiki a jikin yaro

Jikin yaro ba ya karɓar giya kamar na babba. Gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi, musamman na Linda Spear a Amurka, sun nuna cewa masu tasowa ba sa saurin jin barci ko tangaɗi idan sun sha, alhali waɗannan su ne alamomin da kan sa babba ya dakata. A ɗaya gefen kuma sun fi saurin jin sakewa da ƙarfin gwiwa a cikin jama'a. Ke nan abin da ke jawo yaro ga giya yana da ƙarfi, abin da ke tsayar da shi kuwa yana da rauni. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa matasa shan mai yawa a zama ɗaya.

Giya tana kuma taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da aka koya. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya gano cewa wannan sashe ya fi ƙanƙanta ga matasan da shan giya ya zame wa matsala, idan aka kwatanta da tsaransu da ba sa sha, kuma ƙanƙantar ta fi yawa ga waɗanda suka fara da wuri. Ga ɗalibin da ke karatun boko ko hadda, wannan asara ce babba.

Akwai kuma haɗari na nan take. Saboda ƙarancin nauyin jiki, abin da babba zai sha ya tashi yana iya sumar da yaro. Giya kan sa sukarin jinin yaro ya faɗi ƙasa har ya yi jijjiga. Ga haɗarin babur, faɗa, nutsewa a ruwa da fyaɗe, waɗanda duk maye ke sauƙaƙawa.

Me ya sa shekarar farawa ke da muhimmanci?

A shekarar 1997 Bridget Grant da Deborah Dawson na cibiyar binciken illar barasa ta gwamnatin Amurka suka buga nazarin da suka yi a kan bayanan dubban mutane. Cikin waɗanda suka fara sha suna da shekara 14 ko ƙasa da haka, kimanin 40 cikin 100 sun kamu da jarabar giya a wani lokaci na rayuwarsu. Cikin waɗanda ba su fara ba sai da suka kai shekara 20 ko fiye, kimanin 10 cikin 100 ne kawai suka kamu. Bambancin ya kai ninki huɗu, kuma haɗarin yana sauka da kowace shekara ta jinkiri.

Masana sun bayyana cewa abubuwa biyu ne ke haɗuwa a nan. Na farko, giyar da kanta tana shafar ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Na biyu, yaron da ya fara da wuri sau da yawa yana ɗauke da wasu matsaloli tun farko: gadon shaye-shaye a dangi, rikici ko mutuwar aure a gida, maraici, duka da wulaƙanci, damuwa, ko rashin natsuwa tun yana ƙarami. Nazarin tagwaye ya nuna cewa gado yana da kusan rabin tasiri a kan yiwuwar kamuwa da jarabar giya. Saboda haka idan aka ga yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya fara sha, wajibi ne a duba abin da ke damun sa, ba a tsaya ga hukunci kawai ba.

A faɗin duniya matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma a wannan shekarar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na matasa masu shekara 15 zuwa 19 suna shan ta.

Halin da ake ciki a Arewacin Nijeriya

Musulunci ya haramta giya, kamar yadda ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma majami'u da dama suna hana mabiyansu shan ta. Tun daga shekarar 1999, lokacin da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, jihohi 12 na Arewa sun bi wannan tafarki, kuma dokokinsu sun hana Musulmi shan giya. Wannan kariya ce babba ga 'ya'yanmu. Amma kuskure ne mu ɗauka cewa doka ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Abin da aka haramta a fili yakan koma ɓoye, kuma kunya takan hana iyali neman taimako sai abu ya ci tura.

Ana samun burkutu da ake dafawa da dawa, da bammi, da ogogoro, da kuma giyar kwalba a wasu unguwanni, tashoshin mota da garuruwan kan iyaka. Abin da ya fi haɗari ga yara shi ne barasar da ake ƙullawa a ƙananan ledoji da 'yan kwalaben roba. Tana da arha, tana shiga aljihu, wasu kuma ana sayar da su da sunan maganin basir, ciwon baya ko ƙarfin jiki. Giyar kwalba takan ƙunshi barasa kimanin kashi 5 cikin 100, amma wasu na leda sukan kai kashi 40. A shekarar 2018 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka cimma yarjejeniya da kamfanoni a kan daina ƙulla barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adin ya cika ranar 31 ga Janairun 2024, hukumar ta fara aiwatarwa a watan Fabrairu, aka kuma ci gaba da ja-in-ja da kamfanonin a 2024 da 2025. Babban dalilin da hukumar ta bayar shi ne sauƙin da yara ke samu wajen sayen ta.

Barasar da ake tacewa a gida tana da nata haɗarin. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a garin Ode-Irele na Jihar Ondo da kuma wasu sassan Jihar Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da gubar metanol, wadda ke makantarwa kafin ta kashe.

Ya kamata kuma mu lura cewa a wuraren da giya ke da wuyar samu, yara sukan faɗa wa wasu kayan maye: sholisho, wiwi, ƙwayar tiramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Binciken ƙasa da aka gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kamar yadda rahotonsa na 2018 ya nuna. Bayanin da muka yi a kan ƙwaƙwalwa da tasirin abokai ya shafi waɗannan abubuwa duka.

Alamomin da za a lura da su

Tashen balaga da kansa yakan kawo saurin fushi, son kaɗaici da yawan barci, don haka alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne haɗuwar alamomi da dama cikin ɗan lokaci:

1. Yaro ya rabu da tsofaffin abokansa ya koma cikin waɗanda suka girme shi.
2. Fashin makaranta ko Islamiyya da faɗuwar ƙoƙari ba zato.
3. Dawowa gida da dare tare da guje wa haɗa ido ko zama kusa da iyaye.
4. Wari a baki, ko yawan tauna cingam da alawa don ɓoye shi.
5. Ɓacewar kuɗi ko hatsi a gida, ko kuɗin da ba a san tushensu ba.
6. Jan ido, nauyin harshe da amai ba tare da zazzaɓi ba.

Abin da iyaye za su yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fara yi wa yaro magana tun yana shekara 9 ko 10, kafin wani ya riga mu. A yi ta cikin natsuwa, a kuma riƙa maimaitawa, domin zama ɗaya ba ya wadatarwa. A bayyana masa a fili cewa ba a yarda da shan giya a gidan ba, a kuma koya masa abin da zai faɗa idan aka miƙa masa.

Uba da uwa su san inda ɗansu yake, da wa yake tare, da lokacin da zai dawo. Su san iyayen abokansa. Idan zai tafi ci-rani ko koyon sana'a, a danƙa shi hannun wani babba amintacce da za a riƙa tuntuɓa. Kada a aiki yaro sayen giya ko sigari.

A gidajen da manya ke sha, kada a ba yaro ya ɗanɗana da nufin wai ya saba a gaban iyaye. Wani bincike a ƙasar Ostareliya da ya bi yara kusan 1,900 na tsawon shekara 6, aka buga shi a 2018, ya nuna cewa wannan dabara ba ta kare yaro, hasali ma waɗanda iyaye suka ba su sun fi neman ta daga wasu hannaye daga baya.

Idan an kama yaro ya sha, a bari sai ya wartsake kafin a yi magana. Duka mai tsanani da korar yaro daga gida sukan miƙa shi ne ga mutanen da suka koya masa. Idan kuwa an same shi a sume, a kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa komai a baki, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya da shi asibiti. Idan ya ce ganinsa ya dushe bayan shan barasar gida, a gaggauta kai shi ko da yana kan ƙafafunsa.

Abin da shugabanni za su yi

Ƙasar Aislan ta nuna abin da al'umma za ta iya idan ta haɗa kai. A shekarar 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 a ƙasar sun ce sun yi maye a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauka zuwa kashi 5. Ba wa'azi kaɗai suka dogara da shi ba. Sun ƙayyade lokacin da yara za su koma gida da dare, iyaye suka yi alkawari a tsakaninsu na sa ido a kan 'ya'yan juna, hukumomi suka zuba kuɗi a wasanni da ayyukan bayan makaranta, aka kuma tsananta dokar sayar wa yara.

Muna da tushen irin wannan tsari a al'adarmu, inda ake cewa ɗa na kowa ne. Masu unguwanni da dagatai za su iya sanin wuraren da ake sayar wa yara kayan maye, su kai rahoto ga hukumar NDLEA, 'yan sanda, ko Hisba a inda take. Za su iya tsayar da lokacin tashi a gidajen kallo da wuraren bukukuwan dare. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa su ɗauki nauyin yaran da ke aiki a ƙarƙashinsu. Ƙananan hukumomi su gyara filayen ƙwallo, su tallafa wa koyon sana'a. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su fara faɗakarwa tun daga aji biyar da shida na firamare, su kuma bi sawun duk yaron da ya fara fashi.

Ma'aikatan lafiya a matakin farko su riƙa tambayar matasa cikin sirri da mutunci. Wanda shan ya yi wa nisa a tura shi babban asibiti, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Jarabar giya cuta ce da ake magani, kuma wanda aka kai da wuri ya fi saurin samun sauƙi.

Kammalawa

Shekara 10 zuwa 14 lokaci ne gajere, amma abin da yaro ya fara a cikinsa yakan bi shi har girma. Muna kira ga iyaye da shugabanni da su ƙara kusantar 'ya'yansu a waɗannan shekaru, musamman waɗanda suka riga tsaransu girma da waɗanda neman abinci ya fitar daga gida. Duk mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi cibiyar lafiya mafi kusa da shi, ko sashen lafiya da na jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa. Allah Ya shirya mana zuri'a.